Shirun Wendell

Ƙanena Wendell bai taɓa iya ɓoye mini hodar iblis ba. Ya gwada iya gwadawarsa, amma jikinsa ke tona masa asiri. In ya shaƙa, tun kafin ya iso gadar katakon da muke ɗaure jirgi nake jiyo shi, baki ya buɗe kamar an kunna rediyo, yana tsokanar duk wanda ya gani, yana rera waƙar coci da wata murya da ko kare ba zai tsaya saurare ba. Haƙoransa su yi ta gurzar juna, hannuwa su kasa zama wuri ɗaya. Ni kuwa tun da mahaifinmu ya rasu jirgin ya dawo hannuna na kafa doka ɗaya: kowace asuba sai na ƙare masa kallo kafin ya sa ƙafa a ciki. In na ga alama, sai ya koma gida, ni in fita kamun ƙaguwa ni kaɗai ko da bayana zai tsinke. Ruwan tekunmu na Chesapeake ya ci mutanen da ke cikin hayyacinsu ma, balle wanda ke jin zai iya tashi sama.

Sunana Rhonda Dize. Na ba hamsin baya, ban sake aure ba don na farkon ya ishe ni, kuma mutanen garinmu na cewa bakina ya fi ƙaguwar da nake kamawa cizo. Ban musa ba. Wendell ya fi ni kyan hali nesa ba kusa ba, shi ne ma abin haushin. Shekara goma na ba shi. Ni na yi renonsa, ni na koya masa ɗaurin igiya, ni ce kuma na sha zuwa kwaso shi daga wuraren da ba na son tunawa.

A watan Mayu ya same ni ina gyaran tarko, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ya ji ana gwajin wani sabon maganin raba mutum da hodar a wani asibiti a Baltimore, kuma yana so ya shiga. Na wanke hannu na tayar da a-kori-kurata. Mama muka ce mata ciwon bayansa ne ya motsa. Shekarunta sun kusa tamanin, kujerarta a coci ta gaba ce, kuma duk tsawon wannan wahala mun rufe mata maganar kamar yadda ake rufe tukunya.

Likitar da ta karɓe mu sunanta Dakta Halloran, wata siririya mai magana a hankali kamar tana tsoron kada kalmomin su fashe. Ta ce hodar ba ita da kanta take kawo daɗin ba. Tana sa wani sinadari na ƙwaƙwalwa ne ya taru ya yi ambaliya, shi kuma yana da guraben da yake sauka. In ya sauka, sai barci ya gudu, baki ya buɗe, mutum ya ji ya fi kowa. Maganinsu yana riga shi isa ya zauna a guraben.

"Wato kamar in dawo daga ruwa in tarar Kyaftin Elwood ya ɗaure jirginsa a wurina," in ji Wendell.

Elwood maƙwabcinmu ne a gada, tsohon abokin Baba, kuma ya sha yi mana hakan.

"Haka nan," in ji likitar, ba ta ko yi murmushi ba. "Sai dai ka saurare ni da kyau. Ƙwaƙwalwa muke toshewa, ita ma wani sashe. Zuciyarka da jijiyoyinka a buɗe suke. Ko ba ka ji komai ba, su za su ji."

Ta ƙara da cewa rabin masu gwajin maganin gaske ake ba su, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma ita kanta ba ta san wa ke shan wanne ba. Na ce wannan wane irin aiki ne, likita ba ta san abin da take ba mutum ba. Wendell ya taka mini ƙafa.

Daga nan sai na samu wani ƙane sabo. Yana zuwa gada kafin ni, da filas ɗin kofi da burodi da ƙwai da Mama ta soya masa, ya gaishe ni a natse. In dube shi, in ga ido a kwance, hannu a kwance, in ce shiga. Har ƙiba ya fara yi. Wata Lahadi na ga Mama tana kallonsa yana cin kek ɗinta, tana goge ido da gefen rigar girki, wai hayaƙi ne. Ni ma na yi farin ciki, irin wanda mutum ke tsoron faɗa da baki.

Ranar da abin ya faru wata Talata ce cikin Agusta, ana zafin da ke narkar da kwalta. Na dube shi a gada kamar kullum. Shiru, a natse, har da ɗan hamma. Muka fita.

Aikinmu ba shi da wuyar ganewa, wuyar yi gare shi. Ni ke tuƙi, in kai jirgi gefen robar da ke yawo a saman ruwa tana nuna inda tarko yake, in saƙalo igiyar da ƙugiya in ɗora wa injin ja. Tarko ya fito, Wendell ya zazzage ƙaguwar, ya sa sabon kifi a ciki, ya jefa shi ruwa, ya juya ya tsince manya daga ƙanana kafin mu isa na gaba. Haka muke yi har rana ta raba, ba tsayawa. Ran nan mun yi nisa sosai, don ƙaguwar ta gudu zurfi saboda zafi. Garinmu ya zama wani ɗan zare a ƙarshen ido.

"Yau kuma wa ya mutu?" na ce masa. "Tun asuba ba ka ce uffan ba."

"Ke dai ba a iya miki, Yaya. In yi magana ki ce na sha wani abu, in yi shiru ki ce wa ya mutu."

Na yi dariya na ƙyale shi. Na lura yana yawan shiga ɗan ɗakin jirgin, wai zai sha ruwa, ya jima kaɗan ya fito yana jan hanci. A zafi irin wannan wa zai zargi mai shan ruwa? Kuma kowane fitowa shiru yake fitowa, fuska a ɗaure, kamar wanda ya je neman wani abu bai samu ba.

Wajen hantsi wani ƙaton namijin ƙaguwa ya damƙe masa babban yatsa, ta inda safar hannunsa ta yage. Wanda ya san cizon nan ya san sai ka ambaci kakanka. Wendell bai yi ihu ba, bai yarfe hannu ba. Ya tsaya yana kallon abin yana lilo a yatsansa, jini na ɗiga a kan takalminsa. Ni na zo na ɓalle hannun ƙaguwar.

"Kai, lafiyarka ƙalau?"

Ya ja baya ya zauna a kan murfin inji. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Fuskarsa ta koma kalar toka, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, gumi na zubo masa kamar an juye masa bokiti. Ya dafe ƙirji da hannun da ke jini.

"Yaya, kamar an ɗora mini injin nan a nan."

Na sa yatsu a wuyansa. Abin da na ji ba bugun zuciya ba ne, gudu ne, yana tsalle yana tuntuɓe, ya ɓace ya dawo. Na ruga ɗakin in ɗebo ƙanƙara. A kan murfin kular ƙanƙarar na gan su: guntun tsinken shan lemo, farin gari a warwatse, da 'yan ledoji a yage, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ko a zamanin da ya fi lalacewa ban taɓa ganin ya sha rabin wannan a rana ɗaya ba.

Na fito da leda ɗaya a hannu. Na ɗaga ta a gaban idonsa.

"Jiya na fara," ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. "Cewa na yi bari in gwada kaɗan, in san ko na gasken suke ba ni. Ban ji komai ba. Na ce ko kayan ne ba kyau. Na ƙara. Yaya, ba komai, kamar in shaƙi fulawa. Sai haushi ya kama ni. Na ce sai na ɓalle maganin nan, ai dole akwai inda zai sake."

"Ka ɓalle shi? Don ubanka, zuciyarka ka ɓalle!"

Uban nan namu ne mu biyu, amma ranar ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da asubar nan na dube shi ido cikin ido yana cike da hoda tun jiya, na ce shiga. Surutun, da waƙar, da gurzar haƙoran, duk abin da nake gane shi da su shekara da shekaru, su ne daidai abin da maganin ya kashe. Ya bar mini mutum mai kama da lafiyayye, zuciyarsa na ƙonewa a ciki.

Na zaro waya, ba sabis ko sanda ɗaya. Sai oba-oba.

Oba-obar jirgi ba waya ba ce. In ka danna ka yi magana, duk jiragen da ke kan ruwa sun ji, haka matan da ke gida, don kusan kowane kicin a garinmu akwai ta a kan firji tun asuba a kunne. Ta Mama ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin Baba. Shi ya sa mu ba ma faɗin matsala a kanta. Ko injinka ya mutu, ko ruwa na shigo maka, sai dai ka kira na kusa da kai ka ce ya leƙo in ya samu sarari. Da haka muka tashi, kuma abin da bakina ya faɗa ke nan.

"Kyaftin Elwood, Rhonda ce. In ka samu sarari ka leƙo ka ga wani abu."

"To, 'yar nan," in ji tsohon, hankali kwance. "Bari in ƙarasa layin nan, ina nan tafe."

Layin tarkon Elwood sai ya ci rabin awa. Na waiwaya na ga kan Wendell ya langaɓe a kafaɗarsa, bakinsa a buɗe. Na sake danna abin, wannan karon da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Elwood, ka bar tarkon nan! Wendell ne, zuciyarsa! Masu ceto, kuna jina? Jirgin Loretta Faye, ina da mutum yana mutuwa!"

Nan take muryar wani jami'in ceto ta shigo, a sanyaye, yana tambayar inda muke. Na karanta masa lambobin da ke kan na'ura. Ya ce jirginsu yana can wani aiki a kudu, kafin ya iso mun riga mun kai gaɓa da kanmu, don haka in juya yanzu, motar asibiti za ta jira mu a gada. Na juya kan jirgi na ba shi wuta. Kafin in yi nisa sai ga Elwood ya yanko ta gabana, hayaƙi baƙi na tashi a bayansa. Na sassauta, ya bar wa surukinsa sitiyari ya ƙetaro cikin namu. Mutumin da ke ɗingishi a hanyar coci, ran nan ban ga ɗingishi ba.

Ya durƙusa gaban Wendell, ya dube shi, ya lalubo wata 'yar kwalba daga aljihun rigarsa.

"Irin nawa ne," ya ce. "Na san shi. Likitana ya ba ni waɗannan, suna rage gudun zuciya. Buɗe bakinka, ɗana."

Daidai lokacin jami'in ya sake magana. Ya ce ya haɗa mu da likita, kuma likitan na tambaya: shekarunsa nawa, yana da ciwon zuciya a da, sannan ya sha wani abu yau? Magani, giya, ko wani abu dabam?

Wendell ya ɗago kai. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya kama gefen rigar ledata da hannunsa mai jini.

"Kada ki faɗa," ya ce. "Mama na ji. Don Allah, Yaya. Ki ce zafi ne."

Jami'in ya sake kira: "Loretta Faye, kuna jina? Kada a ba shi komai sai na san abin da ke jikinsa."

Elwood na riƙe da ƙwayar tsakanin yatsu biyu, yana kallona, yana kallon Wendell. Bai gane ba tukuna. Ni kuwa ina ganin kicin ɗin Mama kamar ina tsaye a ciki: ita a bakin tebur, hannu cikin ƙullin fulawa, oba-oba a kan firji. Ina ganin sauran kicin ɗin ma, gida bayan gida, da matan da za su zauna a bayanta ranar Lahadi. Shekarun da muka yi muna rufe maganar nan ba don kanmu muka yi ba. Na ji tsoron abin da zai same ta in ta ji, ita kaɗai a gida, ba mai riƙe ta. Amma wuyan Wendell na gabana, jijiyar na tsalle a ƙarƙashin fata ana gani da ido.

Na ture hannun Elwood, na danna.

"Hodar iblis ya sha. Da yawa, tun jiya. Kuma yana cikin gwajin wani magani a Baltimore, wanda ke hana shi jin ta."

Oba-oba ba ta taɓa yin shiru a lokacin aiki. Kullum akwai mai ƙorafin farashi, ko mai zagin zafi, ko mai tambayar abin da aka dafa. Ran nan ta yi tsit, sai ƙarar iska a cikinta. Wendell ya saki rigata ya juya fuskarsa wajen bangon jirgi.

"Na ji," in ji jami'in. "Likita ya ce kada a ba shi maganin zuciyar kowa, zai iya ƙara dagula abin. In kuna da asfirin ya tauna. Ku cire masa riga, ku sa ƙanƙara a wuya da hammata, ku bar shi a zaune. Ku zo da sauri."

Elwood ya dubi ƙwayar da ke hannunsa. Ya mayar da ita cikin kwalba a hankali, ya ce, "Ya Ubangiji, saura ƙiris."

Sai wata murya ta shigo, wadda na sani tun kafin in san sunana.

"Rhonda."

"Mama..."

"Ajiye abin maganar nan ki kama sitiyari da hannu biyu."

Na ajiye.

Jirgin Baba ba don gudu aka ƙera shi ba. Na tura masa wuta har ƙarshe, inji na kuka, katako na rawa a ƙarƙashin ƙafata, kwandunan ƙaguwa suka kife, abubuwan suka bazu a ƙasa suna kai cizo ga duk abin da suka samu. Hanyar shiga garinmu siririya ce, tudun yashi dama da hagu a ƙarƙashin ruwa, in ka kauce kaɗan ka kafe sai ruwa ya cika. Ba halin in waiwaya. Wendell da Elwood suna bayana, ni kuwa idona na kan turakun da ke nuna hanya, kunnena na baya.

Da farko ina jin muryoyi biyu. Elwood na ta zuba, yana ba shi labarin ranar da Baba ya faɗa ruwa da sabon takalmi, Wendell na amsawa da ɗan gurnani. Can sai na ji murya ɗaya kawai.

"Wendell. Kai, Wendell. Buɗe idon nan. Kada ka yi mini haka, yaro."

"Elwood, me ya faru?"

"Ki tuƙa!"

"Yana numfashi?"

"Na ce ki tuƙa, 'yar nan!"

Na ji ƙarar jiki ya kwanta a katako. Na ji tsohon ya fara danna masa ƙirji, yana nishi da kowace dannawa, numfashinsa na fita da ƙyar kamar tsohon famfo. Shi kansa mai ciwon zuciya ne, ya haura saba'in. Na ce a raina yau gawa biyu zan kai gada. Ban iya addu'a mai tsari ba, ba ni ce mai zaman gaba a coci ba. Abin da na yi ta faɗa kawai shi ne, kada ka karɓe shi, kada ka karɓe shi, hawaye na hana ni ganin turaku ina sharewa da kafaɗa.

Jiragen da ke kan hanya duk sun janye gefe. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya, maza tsaye a ciki, wasu sun cire hula. Na tsani cire hular nan. Na so in yi musu ihu su mayar, bai mutu ba tukuna.

Ban san yadda na shiga gada ba, na dai san na daki turke har katako ya tsage. Ma'aikatan motar asibiti suka diro ciki kafin jirgi ya tsaya. Suka janye Elwood, suka manna wa Wendell wasu faifan lantarki a ƙirji, wata ta ce kowa ya ja baya. Jikinsa ya zabura ya koma. Suka sake. Sai matar ta sa yatsu a wuyansa, ta daɗe, ta ce, "Ya dawo. Ku ɗauka."

Na zauna cikin ƙaguwa da ruwan ƙanƙara. Rabin gari na kan gada. Mama na tsaye a gaba, fulawa har gwiwar hannu, ba ta kallon kowa sai gadon da aka ɗauko ɗanta. Ta bi shi ta shiga motar ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

A asibitin Salisbury suka buɗe masa jijiyar da ta toshe. Likitan zuciya ya ce wani sashe na naman zuciyar ya mutu, ba zai dawo ba, kuma in aka sake irin wannan ba sai an wahalar da motar asibiti ba. Ya faɗa a gabansa, a gaban Mama. Wendell ya yi kuka, ya kama hannunta yana ba ta haƙuri. Ta ce ya yi shiru ya sha romonsa. Ni ba ta ce mini komai ba game da ƙaryar ciwon baya, har yau kuwa, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da ya ɗan farfaɗo, Dakta Halloran ta zo da kanta tun daga Baltimore. Da rana ne, ina zaune a kujerar gefen taga, Mama na gyara masa matashi. Likitar ta rame a idona. Ta ce saboda abin da ya faru sun duba, maganin gaske yake sha.

"Ai na sani," in ji Wendell da 'yar dariya mara ƙarfi. "Ki gaya musu yana aiki. Ni shaida ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce dole su cire shi daga gwajin, ba za su iya ci gaba da ba shi ba bayan wannan. Ta kawo sunan wani wuri da ake kwantar da mutane, da wata mai ba da shawara a nan kusa, ta ce za ta kira su da kanta in ya yarda. Ya ce to, to, yana gyaɗa kai kamar yaron kirki.

"Wato na daina shan ƙwayar ke nan," ya ce.

"Ka daina."

"Wanda ke jikina fa?"

"Zai fita a hankali."

"Guraben nan su buɗe."

Ta dube shi, mu duka mun san in sun buɗe hodar za ta sake yi masa daɗi. "Za su buɗe."

Hannun Mama ya tsaya a kan matashin. Wendell na kallon silin, igiyoyi a ƙirjinsa, na'ura na ƙirga bugun abin da ya rage masa na zuciya. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, muryarsa ma ƙalau, kamar mai tambayar lokacin da ruwa zai cika. Duk gudun da na yi a jirgi ban ji tsoron da na ji a kujerar nan ba.

"Kamar yaushe?" ya ce.

"Ya danganta da jiki. Wataƙila mako guda, wataƙila ƙasa da haka."

Leɓɓansa suka ɗan motsa, yana ƙirga kwanaki. Sannan ya juyo da kai ya dube ta.

"Wato Laraba ke nan, ko Alhamis?"